Duniya Rawar 'Yan Mata: Zakarun Ƙwallon Jami'o'in Amurka



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta tashi a ɗakin kwananmu, daren ranar da aka gama gasar wasanni ta gidaje. Kowa ya san yadda ta kaya. Gidanmu, wanda a da yakan riƙe garkuwa shekara uku a jere, shi ya zo na ƙarshe. Bayan mun dawo daga karatun dare, sai yayyenmu 'yan aji shida suka shiga lallashin kansu, suna cewa ko an ƙi ko an so gidanmu ne gidan zakaru, tun da sunansa ya fi yawa a jikin allon da ke ɗakin taro. Ƙannenmu 'yan aji ɗaya kuwa suka ce su ba su ga amfanin fita gudun asuba ba, tun da an riga an san gidan da zai ci. Ni dai ban ce uffan ba, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Da aka ba da hutu na koma gida, sai na tarar yayana da ke karatu a Amurka ya zo, ya kawo mini tsarabar wata ƙwallo mai siffar gwanda. Da na ba shi labarin gardamarmu ya yi dariya, ya ce ai mutanen can sun fi shekara ɗari suna irin wannan musu a kan jami'o'insu. Na karance littattafan da ya zo da su, na kuma dame shi da tambaya har ya gaji. To, ga abin da na samo. Zan bi tarihin shekara goma-goma, kowace shekara goma in kira ta zango, in faɗi jami'ar da na ga ta fi ƙarfi a cikinsa, da dalilina.

WANE IRIN WASA NE?

Da farko kada suna ya ruɗe ku. Abin da mutanen Amurka ke kira ƙwallon ƙafa ba irin namu ba ne, don da hannu aka fi yinsa. Ya fi kama da a haɗa tsere da kokawa a fili ɗaya. Kowane gefe mutum 11 ne, sanye da hular kwano da sulken kafaɗa. Tsakanin gida da gida yadi 100 ne. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ana ba ta dama huɗu ta ci yadi 10, ko dai wani ya rungume ƙwallon ya sheƙa, ko a jefa wa wani ya cafe. Abokan karawa kuwa aikinsu su kayar da shi. In ta ci yadi 10 a sake ba ta dama huɗu, in ta kasa ƙwallo ta koma ɗaya gefen. Wanda ya kai ƙwallo gidan abokan karawa ya ci maki 6. Daga nan sai a zaɓa: ko a buga da ƙafa tsakanin dogayen sanduna a ƙara maki 1, wanda da wuya a kuskure, ko a sake kutsawa a nemi maki 2, wanda ke da haɗari. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A jami'o'i wasan ya fara. Ranar 6 ga Nuwamba 1869 Rutgers ta kara da Princeton, ta ci 6 da 4. Wani ɗan jami'ar Yale mai suna Walter Camp shi ya tsara yawancin dokokin da suka raba wasan da na Ingila. 'Yan wasan ɗalibai ne masu shiga aji, amma filin jami'ar Mishigan kaɗai yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 107,000. Ana fara kakar wasa wajen ƙarshen Agusta, a rufe da manyan wasanni wajen sabuwar shekara.

DA WANE MUDU ZA A AUNA?

Nan ne gizo ke saƙar. Jami'o'in suna da yawa, ba yadda za a yi kowa ya kara da kowa, kuma shekara da shekaru babu wasan ƙarshe na fid da gwani. Daga 1936 'yan jarida ne ke jefa ƙuri'a su zaɓi zakara. A 1950 masu horar da 'yan wasa, watau koci-koci, suka fara tasu ƙuri'ar. Sau da yawa sai a wayi gari da zakara biyu a shekara ɗaya. Sai a 1998 aka shirya wasan ƙarshe tsakanin na ɗaya da na biyu, a 2014 aka mai da shi gasar jami'o'i huɗu, a 2024 aka faɗaɗa zuwa 12.

Saboda haka na yi wa kaina mudu huɗu. Na ɗaya, sau nawa jami'a ta ɗauki kambi a zangon. Na biyu, wasa nawa ta ci, nawa aka ci ta. Na uku, su wa ta kayar. Wannan yana da muhimmanci, domin a 1916 kwalejin fasaha ta Jojiya ta ci wata 'yar ƙaramar kwaleji mai suna Cumberland 222 da nema, amma ba a zama sarkin kokawa don an ka da yaro. Na huɗu, ko nasarar ta halal ce.

KAFIN 1920: ZAMANIN 'YAN GABAS

Daga 1869 zuwa 1899 babu musu, Yale ce a gaba, Princeton na biye da ita. A 1888 Yale ta yi wasa 13, ta cinye duka, ba a ci ta ko maki ɗaya ba.

Zangon 1900 na ba Mishigan. A ƙarƙashin koci Fielding Yost, daga 1901 zuwa 1905, ta ci wasa 55, ta yi kunnen doki ɗaya, aka ci ta sau ɗaya tak. A 1901 ta tara maki 550, abokan karawarta ba su sami ko ɗaya ba. Ranar 1 ga Janairu 1902 ta je Kalifoniya ta ci Stanford 49 da nema, har 'yan Stanford suka ce a tsaya haka tun lokaci bai cika ba. Jami'ar Shikago ce ta kayar da ita a ƙarshen 1905, da ci 2 da nema. A wannan shekara ce wasan ya kusa mutuwa, don samari aƙalla 18 sun rasu a filayen wasa. Shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i ya ja musu kunne, aka gyara dokoki, a 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba don a rage turereniya.

Zangon 1910 na Harvard ne, wadda ta ɗauki kambi a 1910 da 1912 da 1913 da 1919. Pittsburgh ce ta biyu. Amma a nan akwai labarin da ya kamata mu 'yan makarantar kwana mu ji. A 1911 wata makarantar kwana ta gwamnati mai suna Carlisle ta je har gida ta ci Harvard 18 da 15. Ɗalibanta 'ya'yan mutanen asalin ƙasar ne, waɗanda Turawa suka tarar a can, an raba su da iyayensu an hana su harshensu. Jaruminsu Jim Thorpe ya tafi wasannin Olamfik na 1912 ya ciwo lambar zinariya biyu.

ZANGON 1920 ZUWA NA 1940: NOTRE DAME DA MINESOTA

Notre Dame 'yar ƙaramar jami'ar Katolika ce a jihar Indiyana. Manyan jami'o'in yankinta sun ƙi shigar da ita ƙungiyarsu, sai ta riƙa shiga jirgin ƙasa tana zuwa gabas da yamma neman abokan karawa. Ashe gobarar Titi ce, domin ta haka ta yi suna a ƙasa duka. Kocinta Knute Rockne, haifaffen ƙasar Norwe, ya ci wasa 105 daga 1918 zuwa 1930, aka ci shi 12, kunnen doki 5. Ya ɗauki kambi a 1924 da 1929 da 1930, kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1931. Zangon 1920 nata ne.

Zangon 1930 na ba Minesota ta koci Bernie Bierman, wadda ta riƙe kambi shekara uku a jere, 1934 da 1935 da 1936. Jami'ar Kudancin Kalifoniya na biye da ita.

Zangon 1940 kuwa yaƙin duniya ya raba shi biyu. Lokacin yaƙi makarantar hafsoshin soja ta West Point ta yi ƙarfi ƙwarai, ta ci Notre Dame 59 da nema a 1944, ta ƙara mata 48 da nema a 1945. Da yaƙi ya ƙare samari suka dawo karatu, a 1946 suka sake haɗuwa a birnin Niyok aka tashi babu ci. Daga 1946 zuwa 1949 ba wanda ya ka da Notre Dame: nasara 36, kunnen doki 2. Kambinta huɗu a zangon, na soja biyu. Kocinta Frank Leahy kuwa ɗalibin Rockne ne.

ZANGON 1950: OKLAHOMA

Wannan zango bai ba ni wahala ba. Oklahoma ta ɗauki kambi a 1950 da 1955 da 1956. Daga 1953 zuwa 1957 ta ci wasa 47 a jere, abin da har yau ba wata babbar jami'a da ta yi. Yaron da ya shiga jami'ar farkon wannan jeri yana iya gamawa bai taɓa ganin an ci su ba. Abin mamaki, Notre Dame ce ta ci su kafin a fara jerin, ita ce kuma ta zo har gidansu ta yanke shi da ci 7 da nema a Nuwamba 1957. Kocinsu Bud Wilkinson yana cikin samarin da suka ciwo wa Minesota kambuna ukun nan a hannun Bierman. Kun ga ilimi ya bi mutum ya sake gari.

ZANGON 1960: ALABAMA, DA WAƊANDA BA A ƘIRGA BA

A 1955 Alabama ta yi wasa 10 aka cinye ta duka. A 1958 ta ɗauko wani tsohon ɗalibinta, Paul Bryant, mutum mai tsananin horo. Shekara uku bayan haka ta zama zakara. Ta ɗauki kambi a 1961 da 1964 da 1965, a 1966 kuma ta cinye wasanninta 11 duka, amma masu ƙuri'a suka sa ta ta uku. Teksas da Kudancin Kalifoniya kowace kambi biyu gare ta. Saboda haka na ba Alabama.

Amma fa akwai abin da ba zan ɓoye muku ba. A wancan zamani ana wariyar launin fata a kudancin Amurka. Alabama ba ta sa baƙar fata ko ɗaya a babbar ƙungiyarta ba sai 1971. Teksas ma da ta ɗauki kambi a 1969 farar fata ce zalla. Samarin baƙar fata na kudu suna wasa ne a nasu kwalejojin, kamar Grambling a jihar Luwiziyana, inda koci Eddie Robinson ya yi aiki daga 1941 zuwa 1997. Da ya fara, shi ke horarwa, shi ke ja layin fili. Ya ci wasa 408, Bryant kuwa 323. Manyan jami'o'in kudu ba su yarda sun kara da su ba, masu ƙuri'a ma ba su sa su cikin lissafin zakaran ƙasa ba. To, yaya za a ce wane ya fi kowa ƙarfi alhali an hana waɗansu shiga fage? A 1970 Kudancin Kalifoniya ta zo da gwanayenta baƙar fata har jihar Alabama ta ci su 42 da 21. Gani ya kori ji.

ZANGON 1970: KOWA DA HUJJARSA

Nan na sha wuya. Nebraska ta ɗauki kambi a 1970 da 1971, Oklahoma a 1974 da 1975, Notre Dame a 1973 da 1977. Kudancin Kalifoniya tana da uku, Alabama ma uku: 1973 da 1978 da 1979. Biyu daga cikin na Alabama raba su aka yi da waɗansu, kuma suna da tabo. A 1973 an ba ta kambin koci-koci kafin wasan ƙarshe, sai Notre Dame ta ci ta 24 da 23. A 1978 kuwa Kudancin Kalifoniya, wadda aka raba musu kambin, ta riga ta ci ta a fili. Duk da haka Alabama ta ci wasa 103 a zangon, ba wadda ta kai ta. Oklahoma da ke dab da ita tana cikin horon hukuma a 1974 saboda keta doka. Don haka na ba Alabama, amma wanda ya ce Oklahoma ko Kudancin Kalifoniya ba zan yi faɗa da shi ba.

ZANGON 1980 DA NA 1990: MAYAMI DA NEBRASKA

Waɗannan zanguna biyu labari ɗaya ne. Kafin 1980 jami'ar Mayami ba kowa ba ce a wasan nan, har an yi tunanin rufe ƙungiyarta. Sai koci Howard Schnellenberger, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Bryant, ya ce zai tsaya ga yaran unguwannin da ke kewaye da jami'ar.

Ranar 2 ga Janairu 1984 Mayami ta kara da Nebraska, wadda ba a ci ta ba duk kakar. Saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, Nebraska ta kai ƙwallo gida, maki ya zama 31 da 30, Mayami na gaba da ɗaya. Kun tuna zaɓin nan da na ce ku riƙe? In kocin Nebraska, Tom Osborne, ya sa aka buga da ƙafa, sai a tashi kunnen doki, don a lokacin ba ƙarin lokaci, kuma kusan kowa ya yarda masu ƙuri'a za su ba shi kambi. Amma ya ƙi kambin kunnen doki, ya nemi maki 2. Aka jefa ƙwallo, wani ɗan Mayami ya kaɗe ta da yatsunsa, kambi ya tafi. Mayami ta ƙara ɗauka a 1987 da 1989, kowane da koci dabam. Nebraska ta fi ta yawan nasara a zangon, amma ba ta da kambi ko ɗaya. Zangon 1980 na Mayami ne.

Osborne bai bar aiki ba, jami'ar ma ba ta kore shi ba. Bayan shekara 11, a Janairu 1995, ya koma wannan fili, ya kara da wannan Mayami, ya ci ta 24 da 17, ya ɗauki kambin kakar 1994. Mahaƙurci mawadaci. Ya ƙara a 1995, inda ya ci jami'ar Fulorida 62 da 24, ya kuma raba na 1997 da Mishigan. A shekarunsa biyar na ƙarshe ya ci wasa 60, aka ci shi 3. Babbar abokiyar takararsa a zangon 1990 ita ce jami'ar Jihar Fulorida, wadda dabam take da jami'ar Fulorida. Kocinta Bobby Bowden ya ɗauki kambi a 1993 da 1999, kuma shekara 14 a jere bai fita daga cikin biyar na sama ba. Amma uku sun fi biyu, na ba Nebraska.

ZANGON 2000: INDA MUKA SAƁA DA YAYANA

Yayana ya ce Kudancin Kalifoniya ce, kuma yana da hujja. Ta ɗauki kambin 'yan jarida a 2003 da 2004, ta ci wasa 34 a jere kafin Teksas ta tsayar da ita 41 da 38 a Janairu 2006. Amma a 2010 hukumar wasannin jami'o'i ta yanke hukunci cewa gwaninsu Reggie Bush da iyalinsa sun karɓi kyaututtukan da doka ta hana ɗalibi karɓa. Aka soke waɗansu nasarorinsu, aka karɓe kofin 2004, ko da yake 'yan jarida ba su janye nasu kambin ba.

Na ce masa, “Yaya, ai mudu na huɗu ya kama su.” Ni jami'ar Fulorida na ba, wadda ta ɗauki kambi a 2006 da 2008, duka a wasan ƙarshe, ba da rabi ba. Yaya ya ce in tuna cewa daga 2021 an yarda ɗalibai su sami kuɗi da sunansu, har a 2024 aka mayar wa Bush lambar gwarzon shekara da ya ajiye. Na ce gaskiya ne, amma dokar da kowa ke bi a ranar wasa ita ce doka. Har ya koma ba mu daidaita ba.

ZANGON 2010 DA NA YANZU

Bayan 1992 Alabama ta yi shekara 17 ba kambi. A 2007 ta ɗauko Nick Saban, shekararsa ta farko ma aka ci shi sau 6. Daga nan ya ɗauki kambi a 2009, sa'an nan 2011 da 2012 da 2015 da 2017, ya ƙara a 2020, kafin ya yi ritaya a Janairu 2024. Zangon 2010 nata ne ba tantama. Clemson ce ta biyu, da kambin 2016 da 2018, duka biyu Alabama ta kayar ta ɗauka.

Zangon 2020 bai ƙare ba, kuma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Jami'ar Jojiya ta ɗauka a 2021 da 2022, Mishigan a 2023, jami'ar Jihar Ohayo a 2024. Kocin Jojiya, Kirby Smart, ya yi shekara tara yana mataimakin Saban a Alabama, kuma maigidan nasa ya kayar ya ɗauki kambinsa na farko.

Ga jerin nawa a taƙaice:

Kafin 1900: Yale
1900 zuwa 1909: Mishigan
1910 zuwa 1919: Harvard
1920 zuwa 1929: Notre Dame
1930 zuwa 1939: Minesota
1940 zuwa 1949: Notre Dame
1950 zuwa 1959: Oklahoma
1960 zuwa 1969: Alabama
1970 zuwa 1979: Alabama
1980 zuwa 1989: Mayami
1990 zuwa 1999: Nebraska
2000 zuwa 2009: Fulorida
2010 zuwa 2019: Alabama

ABIN DA NA GANE

Jama'a, ku dubi jerin nan da kyau. Ban da Alabama, ba jami'ar da na ba zango biyu a jere. Yale da Harvard sun zaɓi kada su riƙa ɗaukar ɗalibi kyauta don wasa, yanzu ba sa cikin rukunin manya. Shikago da ta ka da Mishigan ta rufe ƙungiyarta a 1939, sai bayan shekara 30 ta dawo cikin ƙananan rukuni. Minesota rabonta da kambi tun 1960, Notre Dame tun 1988, Nebraska tun 1997. Gine-ginen suna nan, kofunan suna cikin gilashi, launin riga bai sake ba. Masu iya magana sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Sa'an nan ku dubi inda ƙarfin ke fitowa. Kusan kowane zango za ku ga mutum ɗaya mai horo, da samarin da suka yarda suka bi shi. Shi ma wani ya koya masa: Leahy a hannun Rockne, Wilkinson a hannun Bierman, Schnellenberger a hannun Bryant, Smart a hannun Saban. Alabama da aka cinye sau 10 a 1955 ita ce zakara a 1961. Mayami da aka so rufewa ita ce zakara a 1983.

Don haka, yayyenmu 'yan aji shida, da girmamawa nake cewa sunayen da ke jikin allon nan waɗansu ne suka yi guminsu, ba za su yi mana gudu ba. Abin da za ku bar mana kafin ku tafi shi ne abin da aka koya muku: yadda ake miƙa sanda a gudun ba-ni-in-ba-ka, da yadda ake tsalle ba a taka layi ba. Ku kuma ƙannenmu 'yan aji ɗaya, ba a rubuta wa kowane gida garkuwa ba. Saura shekara biyar ku zama manyan gida, ai kusan daidai da lokacin da Alabama ta ɗauka daga ƙasa zuwa sama ke nan. Kuma kada kyaftin ya bar wani yaro a benci don garinsu ko don ba abokinsa ba ne, domin mun ga asarar da jami'o'in kudu suka yi da suka rufe ƙofa. Iyayenmu kuwa muna roƙo, in kun zo ranar ziyara kuna duba sakamakon jarrabawa, ku ɗan tambaye mu labarin filin wasa.

Ƙwallon nan mai siffar gwanda tana cikin akwatina. Wanda ke so ya gani ya same ni a fili ranar Asabar bayan gudun asuba. Wanda kuma bai yarda da jerina ba, ga mujalla nan, ya kawo nasa da hujjarsa a fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu sa'a a aji da fili baki ɗaya, amin.